Hannun Shitu da Karatun Dogon Hutu

Shitu ɗan Sule mutumin Fammar ne ta ƙasar Kibiya, kuma ɗan ƙanen mahaifina ne. Gida ɗaya muka tashi, na girme shi da damina guda, shi ya sa har ya bar duniya Yaya yake ce mini. Na ga ya wajaba in rubuta labarinsa da hannuna, domin masu ba da shi a bakin kasuwa sun mayar da shi abin dariya, alhali lokacin da abin yake faruwa babu wanda haƙorinsa ya fito. Ban zauna a aji ba sai da furfura ta fara fito mini, a makarantar manya ta yamma a Rano, saboda haka ban saba zubar da kalma a kan takarda ba tare da na auna ta ba.

Noma ne sana'arsa. Da damina dawa da gyaɗa da wake, da rani kuma ya saƙa zana ya kai kasuwa. Mutum ne siriri mai sanyin murya, wanda ban taɓa jin ya yi musu da kowa ba. Idan ka taka masa ƙafa, shi zai riga ka ba da haƙuri. Tsoron hukuma kuwa tun yana ƙarami aka dasa masa shi. Ranar da aka zo ɗibar yara zuwa makarantar boko, mahaifinsa ya jefa shi cikin rumbu ya rufe, ya yini a duhu yana jin takun baƙi a tsakar gida. Tun daga nan ko hular ɗan sanda ya hango a hanyar Kibiya, sai ya ratse cikin gona kamar wanda ciki ya murɗa wa.

Matarsa Saude mai man gyaɗa da ƙuliƙuli ce, bakinta kuma yana yin aikin mutum biyu, nata da na mijinta. 'Yarsu ta fari ita ce Afra'u. Shitu ya riƙe kunyar 'yar fari fiye da duk wanda na sani a garinmu. Bai taɓa ɗaukarta ba, bai taɓa faɗin sunanta ba, idan ta shigo ta nan sai ya fita ta can. Da aka yaye ta aka kai ta wurin kakarta a Rano, a can aka sa ta a boko har ta kai babbar sakandare. Idan dole ta sa ya ambace ta, sai ya ce "yarinyar nan ta Rano". Saude ma ba ta kiran sunan, amma ita ba ta iya dogon shiru, takan ce mata "ke 'yar birni".

Abin ya faru a daminar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a a jiharmu. Mun yi murna da ita, ni kaina ina cikin waɗanda suka hau mota suka tafi Kano ranar taron. Amma a ƙauye abin da ya fi zama a kunnen mutane shi ne labarin da rediyo ta kawo na wani da aka yanke wa hannu a wata jiha saboda satar dabba. Sharuɗɗan da malamai suka gindaya kafin a kai ga haka, kaɗan ne a cikinmu suka san su.

Al'adarmu ita ce, da zarar shuka ta tsiro kowa ya ɗaure dabbarsa. Wanda ya sami dabbar wani a cikin gonarsa yakan kama ta ya kai wa mai unguwa, mai ita ya je can ya karɓa, a sasanta ɓarnar. Wata ranar Laraba da yamma, bayan an yini ana tafka ruwa, Shitu ya tarar da wani ƙaton farin rago a tsakiyar gyaɗarsa. Ya kama shi ya nufi gidan mai unguwa, aka ce masa mai unguwar ya tafi jana'iza Yalwa, rafi kuma ya cika, ba zai iya dawowa ba sai gobe. Shitu ya ja ragon zuwa gidansa ya ɗaure shi a gindin darbejiya, har ya zuba masa dusa.

Ragon na Alhaji Ramalan ne, dillalin dabbobi, wanda ɓarayi suka yi wa ɓarna sau da dama a wannan shekarar har zuciyarsa ta ƙeƙashe. Da sassafe ya bi sawu da 'yan sintiri, sawun ya kai su ƙofar Shitu. Alhaji bai tsaya jiran mai unguwa ba. Kafin hantsi an ɗora Shitu a kan babur tsakanin mutum biyu, an kai shi wurin 'yan sanda, Saude tana bin su a guje babu mayafi.

Ni na je na tsaya masa beli. Da aka turo mini tawadar dangwala yatsa, na ce a ba ni biro. Aka sanya ranar da za a gurfanar da shi gaban alƙali bayan 'yan makonni. Mutumin da na goyo a kekena zuwa gida ba shi ne wanda aka ɗauka ba. Muna isa ya shige ɗaki ya ja ƙofa.

A cikin waɗannan makonni ne Afra'u ta zo dogon hutu, da akwatinta da wani ƙunshin takardu. Malamarsu, wata Malama Jumai, ta haɗa musu labaran kotuna da na gidajen yari ta ce su karanta a hutu, idan sun koma za a yi muhawara a kai. Takardun da Turanci suke, ni kuwa Turanci ban ba shi lokacina ba, don haka na sa ta yi mini bayani.

"Baffa, ba karantawa kawai za mu yi ba," in ji ta. "Malama ta ce kowace magana da aka kawo gaban shari'a kamar tsani take. Akwai abin da mai magana yake so a yarda da shi, shi ne can sama. Akwai matakan da ya taka ya hau. Aikinmu mu duba ko akwai matakin da babu, ya yi tsalle ya wuce ba mu lura ba."

Na ce mata wannan karatu ne mai kyau, kuma da a zamaninmu aka kawo shi da ban bar wa kowa na ɗaya ba.

Amma farkon abin da karatun ya kawo gidan tashin hankali ne. Wata la'asar ina zaune a zaure tare da Shitu, yana gyaran ƙotar fartanya, sai muka jiyo ta daga tsakar gida tana fassara wa uwarta ɗaya daga cikin labaran. Labarin wani leburan kasuwa ne a wani birni mai nisa, da aka kama kan zargin sata. Aka ce masa ya amsa kawai a wuce wurin, ya amsa. Ya zauna a gidan yari har 'ya'yansa suka manta kamanninsa.

Muka ji faɗuwar ƙwarya.

"Ke 'yar birni, rufe takardar nan," in ji Saude. "Wace irin malama ce wannan? Tatsuniya ta ƙare a duniya ne da za ta ba yara kurkuku su kawo wa iyayensu tsaraba?"

Na dubi Shitu. Wuƙar da yake fiƙe ƙotar da ita ta tsaya a hannunsa, gumi yana bin wuyansa alhali hadari ne a sama. Daga wannan rana ya daina cin abinci. Ya bar zuwa gona shi kaɗai sai an raka shi. Na sha ganinsa a bakin masallaci yana alwala, idan ya zo wanke hannun dama sai ya tsaya yana jujjuya shi yana kallo, har ruwan buta ya ƙare.

Da ranar ta matso, mai unguwa ya tara dattawa a ƙofar gidansa, aka kira Shitu, aka kira Alhaji Ramalan, wanda zuwa lokacin fushinsa ya fara sauka. Shawarar da aka yanke ita ce irin wadda muka gada. A wurinmu idan rigima ta haɗa babba da ƙarami, ba a tsayawa tonon wane ne mai gaskiya. Ƙaramin yakan durƙusa ya ce ya tuba, babban ya ce ya yafe, a shafa fatiha kowa ya kama gabansa.

"Shitu, abin ba wuya," in ji mai unguwa. "Idan alƙali ya tambaye ka, ka sunkuyar da kai ka ce ka yi kuskure, ka tuba. Alhaji zai tashi ya ce ya yafe. Ko ba haka ba, Alhaji?"

"Ni ragona ya dawo," in ji Alhaji Ramalan. "In ya amsa a gaban mutane, na yafe. Abin da ba zan ɗauka ba shi ne a ce na yi wa mutum ƙage."

Shitu ya yi ta godiya har goshinsa yana taɓa ƙasa. A wannan maraice ya ci tuwo.

Ni dai raina bai kwanta ba. Washegari na hau keke zuwa Kibiya wurin wani malami da nake ɗaukar karatu a gabansa, na kwashe labarin na faɗa masa. Ya ce mini zauren mai unguwa daban, gaban alƙali daban. Ya ce iƙirarin mutum a kan kansa hujja ce mai ƙarfin gaske, kuma a abin da ya karanta, idan maganar sata ta riga ta isa gaban alƙali ta tabbata, yafewar mai kaya ba lalle ta ɗauke hukunci ba. Na hau keke na juyo gida.

Na tarar da Afra'u tana jirana a ƙofar gidana, ita ma uwarta ta faɗa mata abin da dattawa suka yanke. Ta durƙusa ta gaishe ni.

"Baffa, na ɗora maganar Alhaji a kan tsanin nan. Ragonsa ya ɓata, wannan mataki ne. An same shi a gidanmu, wannan ma mataki ne. Daga nan sai ya ce Baba ne ya je ya kwance shi. Wa ya gani? Babu. Matakin nan ba su da shi. Idan Baba ya ce ya tuba, shi da kansa ya sassaƙa musu shi ya miƙa."

"To ki faɗa masa mana."

"Ni, Baffa? Tun da nake ban taɓa sanin launin idonsa ba."

Na je na same shi da kaina. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaya, mai unguwa ya yi magana, dattawa sun yi magana, Alhaji ya yarda. Ni wane ne da zan shiga kotu in ƙaryata Alhaji a bainar jama'a? Ai sai a ce taurin kai ne da ni, a ƙara mini wani hukuncin." Na gane cewa tsoro biyu ne suke jansa, kuma na kusa ya fi ƙarfi.

Saude ce ta kawo dabara. Ta ce tunda uba ba zai zauna da 'yarsa ba, ni in zauna a bakin ƙofar da ta haɗa zaure da tsakar gida, yarinya ta yi mini bitar karatunta da ƙarfi, shi kuma yana cikin zaure, babu wanda ya ce da shi ake. Haka aka yi, ana jibi za a shiga kotu.

"Baffa," in ji Afra'u daga tsakar gida, "a ce wani mutum ne ya sami rago a gonarsa."

Shitu yana fuskantar bango yana murza igiyar rama. Hannunsa ya tsaya.

"Malama ta ce mutum ya faɗi abin da idonsa ya gani da abin da hannunsa ya yi, kada ya ƙara, kada ya rage. To wannan mutumin, Baffa, da ya ga ragon, yaya ya gan shi? Haka nan tsirara, ko da wani abu a wuyansa?"

Can sai Shitu ya yi gyaran murya, ya ce da bango, "Yaya, ka faɗa wa mai karatun nan, na ji an ce da igiya a wuyansa. Yana jan turkensa a ƙasa, duk taɓo."

"Baffa, ka tambayar mini, ɓarawo yakan tsaya ya tuge turke ya tafi da shi?"

"Yaya, ka ce mata ɓarawo yanke igiya yake yi. Ruwa ne ya jiƙa ƙasa, rago mai ƙarfi ya fizge abinsa."

"To ina turken yake yanzu, Baffa?"

Sai muka ji Saude ta ce, a hankali ƙwarai, abin da ban saba ji daga gare ta ba, "Na sa shi a murhu. Itace ya jiƙe ranar, shi na samu na ƙarasa suya."

Shitu ya saki igiyar da ke hannunsa. "Shi ke nan," ya ce. "Yaya, ka gani ko? An soya ƙuliƙuli da hannuna."

"Baffa," in ji yarinyar, yanzu kuka take yi sosai amma ba ta daina magana ba, "ka faɗa masa ko babu turken, ramin da ya fito yana gidan Alhaji, wani ya gan shi. Ka faɗa masa ba a ce ya zagi kowa ba. Abin da ya gani kawai. Ka faɗa masa in ya tuba a kan abin da bai yi ba, ni ba zan koma makaranta ba, don ba zan iya zama ina karanta labarinsa a takarda ba."

Ban maimaita ba, domin babu bukata. Shitu ya tashi ya fita, kuma har ranar shari'a babu wanda ya san abin da ya yanke, ina jin har shi kansa.

Kotun ɗaki ne guda mai benci, cike da mutanen garinmu. Mai unguwa yana gaba, ya waiwayo ya gyaɗa wa Shitu kai. Saude da Afra'u suna waje a gindin bishiya tare da sauran mata. Aka karanta ƙara. Alƙalin dattijo ne mai tabarau, ba ya ɗaga murya. Ya ce, "Shitu Sule, ka ji abin da ake tuhumarka da shi. Ka ɗauki ragon nan daga gidan mai shi?"

Shitu ya zube ƙasa. Na ga kansa yana sunkuyawa irin sunkuyawar da na san shi da ita tun muna yara.

"Allah ya gafarta Malam," ya ce, "ni dai..."

Ya tsaya. Ana jin kukan tantabaru a kan rufin kwano. Mai unguwa ya yi tari. Shitu ya kama wuyan hannunsa na dama da na hagu ya matse, kamar mai tsoron kada ya gudu.

"Ba na jin ka," in ji alƙali. "Kuma kada ka faɗi abin da ba ka yi ba don ka faranta wa wani. Nan ba wurin kara ba ne."

"A cikin gyaɗata na same shi," in ji Shitu, muryarsa kamar ta mai zazzaɓi. "Yana jan turkensa. Na kai gidan mai unguwa ba ya nan. Na ɗaure shi, na ba shi dusa. Ban taɓa shiga gidan Alhaji ba sai da sallama."

Alƙali ya juya ga Alhaji Ramalan ya tambaye shi ko yana da wanda ya ga an kwance ragon. Alhaji ya ce babu, amma ai a gidansa aka same shi. Aka kira ƙanen Alhaji, wanda shi ne ya fara lura da ɓatan ragon. Alƙali ya ce masa ya ji tsoron Allah ya faɗi abin da ya tarar a wurin da ake ɗaure ragon, guntun igiya ko me. Mutumin ya dubi yayansa, ya dubi ƙasa, ya ce rami ya tarar, turken ma babu. Aka tambayi mai unguwa ko an zo nemansa ranar Laraba da rago. Ya ce iyalinsa sun faɗa masa haka, yana maganar yana kallon taga.

Alƙali ya yi rubutu mai tsawo, sannan ya ce tuhuma ba ta tabbata ba, ya sallami Shitu. Na ɗaga shi muka fita. A bayan kotu ya yi amai har sau biyu. Da muka zo wucewa ta gindin bishiyar nan ya kawar da kai kamar kullum, sai dai ya ce mini da ƙarfin da za a ji, "Yaya, ka ce a shiga mota, rana ta yi zafi."

Ba a yafe masa da wuri ba. Alhaji Ramalan ya daina amsa gaisuwarsa har bayan Babbar Salla. Mai unguwa ya ce an watsa masa ƙasa a ido, ya shekara bai kira Shitu ɗaurin aure ko raɗin suna ba, Shitu kuwa ya bi su gida-gida yana ba da haƙuri a kan ya faɗi gaskiya. Afra'u ta koma makaranta, na ji an ce a muhawarar tasu ta tashi za ta yi magana kuka ya hana ta, aka ba wata 'yar Yalwa kyautar.

Shitu ya rayu shekaru da dama bayan haka da hannuwansa biyu, ya aurar da 'ya'yansa, ya rasu a kan gadonsa bayan gajeriyar jinya. Sai dai bai sake taɓa dabbar da ba tasa ba. A daminarsa ta ƙarshe na bi ta gefen gonarsa da hantsi, na hango akuyar wani tana cin wakensa hankali kwance. Yana tsaye nesa da ita, ya harɗe hannuwansa a baya, yana roƙonta ta fita.